Yadda ake zane a iska da murfin gora da kyamarar kwamfuta

Tun ranar da na tsaya gaban yaran da nake koya wa kwamfuta da yamma, na ɗaga murfin gorar ruwa, na rubuta "sannu" a iska rubutun ya fito a fuskar kwamfuta, ban huta da tambaya ba. Wani ya ce siddabaru ne, wani kuma ya rantse akwai na'urar da na ɓoye a hannun riga. Abin da ke faruwa bai kai haka ba. Kyamara tana ɗaukar hoto wajen sau 30 a daƙiƙa guda, manhaja tana laluben launin murfin a cikin kowane hoto, sannan ta ja layi daga inda yake ɗazu zuwa inda yake yanzu.

Ga yadda ake haɗa shi daga farko. Abu ɗaya nake roƙo: a bi matakan a jere. Kusan duk wanda ya dawo ya ce mini abin ya ƙi, in na bincika sai in tarar ya tsallake mataki na 2 ko na 4, ya ruga wajen kwafe kod.

1. Tanadi kayan aiki

Kana bukatar kwamfuta mai kyamara. Ta jikin laftof ta wadatar, ko da tsohuwa ce, don hoto mai faɗin fiksel 640 da tsawon 480 shi ne ma ya fi yi wa wannan aiki daɗi. In kwamfutar teburi ce babu kyamara, kada ka yi gaggawar zuwa kasuwa. Manhajoji irin su DroidCam da Iriun suna mayar da wayar hannu kyamarar kwamfuta, ka fara gwadawa da su.

Manhajojin da za mu yi aiki da su uku ne, duk kyauta: Python, yaren da za mu rubuta kod da shi; OpenCV, mai sarrafa hoto; da NumPy, mai lissafi. Kuɗin da za ka kashe na data ne kawai, kuma megabait ɗari da ɗoriya ya isa ka sauke su duka. Da zarar sun sauka, aikin ba ya sake neman intanet.

Ka sauke Python 3 daga python.org. Lokacin girkawa a Windows akwai ɗan akwati a ƙasan shafin farko mai cewa "Add python.exe to PATH". Ka tabbata ka danna shi kafin ka ci gaba. In ka manta, kwamfuta za ta ce maka ba ta san wani abu mai suna pip ba, wato manhajar da ke sauke wa Python sauran kayan aiki, ka ɓata rabin yini kana neman dalili. Bayan nan ka buɗe Command Prompt, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta:

```
pip install opencv-python numpy
```

Hattara: akwai wani mai kama da shi, opencv-python-headless. Wannan ba ya buɗe tagar nuna hoto, an yi shi ne don manyan kwamfutocin da ba su da fuska. Kada ka sauke shi. Haka kuma kada ka raɗa wa fayil ɗinka suna cv2.py ko numpy.py, don Python zai ɗauko naka a maimakon na ainihi, komai ya rikice.

2. Zaɓi abin riƙewa, ka gyara ɗaki

Nan ne aikin yake, ko da yake ba a taɓa kwamfuta a cikinsa.

Abin da za ka riƙe ya zama mai launi ɗaya tak, mai kauri, wanda ba ya ƙyalli. Murfin gora shuɗi ko kore ya fi komai dacewa. Ni manna shi nake yi da salatif a kan bayan biro, don hannuna ya samu abin riƙewa kamar alƙalami, yatsu kuma ba sa rufe launin. Girmansa kada ya gaza kan babban yatsa.

Ka guji ja, ruwan goro da ruwan ɗorawa. Dalili shi ne launin fatar ɗan Adam, baƙi ne ko fari, a wurin kyamara yana faɗawa ne a yankin ja da ruwan goro. In ka zaɓi jan murfi, za ka ga manhaja tana bin goshinka da tafin hannunka. Ja yana da wata matsalar daban da zan faɗa a mataki na 4. Ka kuma guji duk abin da ke walƙiya, kamar ledar alawa ko murfin ƙarfe, domin wurin da haske ya doka yakan koma fari fat a idon kyamara, launin ya ɓace a daidai nan.

Sai ka waiwaya ka dubi bayanka da jikinka. Ranar da na fara gwadawa, layina ya riƙa tsalle daga hannuna zuwa kusurwar ɗaki yana dawowa. Na yi ta canza lambobi har dare, ashe wata shuɗiyar buta ce a bakin ƙofa. Da na kawar da ita sai ya koma tsalle zuwa kaina, don hular da na sa tana da shuɗin zare a aikinta. Duk abin da ya yi kama da launin murfinka, ka fitar da shi daga idon kyamara: labule, darduma, bokiti, har rigar da ke jikinka.

Haske ya fito daga gabanka, ya sauka a kan murfin. Kada ka zauna taga tana bayanka, don kyamara za ta rage haskenta saboda tagar, kai da murfin ku koma inuwa. Ɗaki mai duhu ma ba ya yi: kyamara takan rage saurin ɗaukar hoto don ta tara haske, sai murfin ya zama dishi-dishi da zarar ka motsa shi.

3. Gwada kyamara ita kaɗai

Ka buɗe fayil, ka sa masa suna gwaji.py, ka rubuta wannan:

```
import cv2

kyamara = cv2.VideoCapture(0)
while True:
    samu, hoto = kyamara.read()
    if not samu:
        print("Babu hoto")
        break
    hoto = cv2.flip(hoto, 1)
    cv2.imshow("Gwaji", hoto)
    if cv2.waitKey(1) & 0xFF == ord("f"):
        break
kyamara.release()
cv2.destroyAllWindows()
```

Ka kunna shi da `python gwaji.py`. In ka ga fuskarka, madalla, danna f ka fita. Layin `flip` yana juya hoton ya zama kamar madubi. Ba don shi ba, in ka kai hannu dama layi zai tafi hagu, kuma babu mai iya rubutu a haka.

In ya ce babu hoto, abu uku za ka duba. Na farko, ko wata manhaja kamar Zoom tana riƙe da kyamarar, ka rufe ta. Na biyu, a saitin Windows, ɓangaren sirri, ƙarƙashin kyamara, ka tabbata an ba manhajojin kwamfuta izini. Na uku, lambar 0 tana nufin kyamara ta farko. In ka jona ta waje ko ta waya, gwada 1 ko 2. In kuma tana buɗewa amma sai ta daɗe, a Windows ka mayar da layin `cv2.VideoCapture(0, cv2.CAP_DSHOW)`.

Lura: Python yana kula da tazarar da ke farkon layi. In ka kwafe kod ta waya tazarar ta ɓace, ba zai yi aiki ba sai ka maido da ita daidai.

4. Auna launin murfinka

Kwamfuta takan ajiye launi ne a matsayin haɗin shuɗi, kore da ja. Wannan tsari ba ya da amfani wajen bin abu, don da inuwa ta gifta lambobin ukun duk sai su canza. Shi ya sa ake mayar da hoton zuwa tsarin HSV, wanda ya raba abin gida uku: H shi ne asalin launin, S shi ne kaurinsa, V kuma haskensa. Murfi shuɗi yana nan a shuɗinsa a H ko a rana ko a inuwa, V ne ya fi hawa da sauka.

A OpenCV, H yana tafiya daga 0 zuwa 179, S da V kuma daga 0 zuwa 255. Ka riƙe wannan da kyau, don yawancin jadawalin launi da za ka gani a intanet suna ƙirga H har 360. In ka ɗauko lamba daga can, sai ka raba ta biyu. Shuɗi yakan zauna tsakanin 100 da 130, kore tsakanin 40 da 85. Ja kuwa ya rabu biyu, wani a kusa da 0, wani a kusa da 179, sai an yi masa awo biyu an haɗa. Wahalar da na ce ka kauce wa ke nan.

Waɗannan lambobin mafari ne kawai. Naka murfin, a naka ɗakin, da taka kyamarar, sai ka auna da kanka. Ga fayil na biyu, awo.py:

```
import cv2
import numpy as np

def banza(x):
    pass

cv2.namedWindow("Awo")
cv2.createTrackbar("H1", "Awo", 90, 179, banza)
cv2.createTrackbar("H2", "Awo", 130, 179, banza)
cv2.createTrackbar("S1", "Awo", 80, 255, banza)
cv2.createTrackbar("V1", "Awo", 50, 255, banza)

kyamara = cv2.VideoCapture(0)
while True:
    samu, hoto = kyamara.read()
    if not samu:
        break
    hoto = cv2.flip(hoto, 1)
    hsv = cv2.cvtColor(hoto, cv2.COLOR_BGR2HSV)
    h1 = cv2.getTrackbarPos("H1", "Awo")
    h2 = cv2.getTrackbarPos("H2", "Awo")
    s1 = cv2.getTrackbarPos("S1", "Awo")
    v1 = cv2.getTrackbarPos("V1", "Awo")
    rariya = cv2.inRange(hsv, np.array([h1, s1, v1]),
                         np.array([h2, 255, 255]))
    cv2.imshow("Awo", rariya)
    if cv2.waitKey(1) & 0xFF == ord("f"):
        print(h1, h2, s1, v1)
        break
kyamara.release()
cv2.destroyAllWindows()
```

Taga za ta buɗe da majanya huɗu a sama, da hoto baƙi da fari a ƙasa. Ni rariya nake kiran wannan hoton, don aikinta ke nan: launin da ka zaɓa ya wuce ya fito fari, sauran duk su tsaya a baƙi. Burinka murfin ya fito fari tas, komai na ɗakin ya zama baƙi ƙirin.

Ga jerin da nake bi. Ka riƙe murfin a daidai nisan da za ka yi zane, wajen kamu biyu daga kyamara. Fara da H1, ka ja shi sama a hankali har murfin ya fara ɓacewa, sai ka dawo baya kaɗan. Ka yi wa H2 haka daga sama zuwa ƙasa. Sannan S1: wannan shi ne mai share bango, domin farin bango da tokar siminti ba su da kaurin launi, kana ɗaga shi za ka ga suna bajewa. V1 na ƙarshe, shi ke kawar da inuwa da baƙaƙen abubuwa.

Kada ka tsaya a tsakiya kawai. Ka kai murfin kusurwa huɗu na hoton, ka karkata shi, ka kaɗa shi da sauri. In ya ɓace a wani gefe, ka sassauta S1 ko V1. Gara ka bar ɗan ɗigo-ɗigo a bango da ka matse awon har murfin ya riƙa ɓacewa, don ɗigon muna da maganinsa a gaba. In ka gamsu, danna f, lambobi huɗu za su fito, ka rubuta su a takarda.

Gargaɗi: awon rana ba ya yi da dare. In ka auna da hasken taga, da magariba ka kunna ƙwan lantarki, sai ka sake. Haka in aka ɗauke wuta ka koma fitilar caji. Ni takarda biyu na manna a jikin laftof, ɗaya ta rana ɗaya ta dare.

5. Rubuta manhajar zane

Fayil na uku, zane.py. A layin KASA ka sa H1, S1, V1 naka, a layin SAMA ka sa H2.

```
import cv2
import numpy as np

KASA = np.array([100, 120, 60])
SAMA = np.array([125, 255, 255])
goga = np.ones((5, 5), np.uint8)

kyamara = cv2.VideoCapture(0)
allo = None
baya = None
rubutu = False
launi, kauri = (0, 0, 255), 5

while True:
    samu, hoto = kyamara.read()
    if not samu:
        break
    hoto = cv2.flip(hoto, 1)
    if allo is None:
        allo = np.zeros_like(hoto)

    hsv = cv2.cvtColor(hoto, cv2.COLOR_BGR2HSV)
    rariya = cv2.inRange(hsv, KASA, SAMA)
    rariya = cv2.erode(rariya, goga)
    rariya = cv2.dilate(rariya, goga, iterations=2)

    siffofi, _ = cv2.findContours(rariya, cv2.RETR_EXTERNAL,
                                  cv2.CHAIN_APPROX_SIMPLE)
    yanzu = None
    if siffofi:
        babba = max(siffofi, key=cv2.contourArea)
        if cv2.contourArea(babba) > 500:
            m = cv2.moments(babba)
            yanzu = (int(m["m10"] / m["m00"]),
                     int(m["m01"] / m["m00"]))

    if rubutu and yanzu and baya:
        nisa = np.hypot(yanzu[0] - baya[0], yanzu[1] - baya[1])
        if nisa < 80:
            cv2.line(allo, baya, yanzu, launi, kauri)
    baya = yanzu

    inda = allo.any(axis=2)
    hoto[inda] = allo[inda]
    if yanzu:
        cv2.circle(hoto, yanzu, 8, (255, 255, 255), 2)
    cv2.imshow("Zane", hoto)

    k = cv2.waitKey(1) & 0xFF
    if k == 32:
        rubutu = not rubutu
    elif k == ord("1"):
        launi, kauri = (0, 0, 255), 5
    elif k == ord("2"):
        launi, kauri = (0, 255, 0), 5
    elif k == ord("g"):
        launi, kauri = (0, 0, 0), 40
    elif k == ord("w"):
        allo[:] = 0
    elif k == ord("a"):
        cv2.imwrite("zane.png", allo)
    elif k == ord("f"):
        break

kyamara.release()
cv2.destroyAllWindows()
```

Bari in warware sassan da suka fi muhimmanci, don in abu ya lalace ka san inda za ka taɓa.

`erode` yana cinye gefen duk wani farin abu a rariya, ƙananan ɗigo su mutu gaba ɗaya. `dilate` kuma ya sake kumbura abin da ya rage, murfin ya dawo girmansa, ramukan cikinsa su cike. Jerin yana da muhimmanci: in ka fara da kumburawa, ɗigon ne za su yi ƙiba.

`findContours` yana zagaye kowane farin tsibiri, mu kuma mu ɗauki mafi girma. Lambar 500 ita ce mai gadi: duk abin da faɗinsa bai kai haka ba, ba murfi ba ne. In murfinka ƙarami ne ko kana nesa, rage ta zuwa 200. In kana amfani da tsohon OpenCV na 3, wannan layin zai yi ƙorafi, don shi abu uku yake maidowa, na 4 kuwa biyu. Sabunta shi ya fi sauƙi.

Zanen ba a kan hoton kyamara ake yinsa ba, don hoton yana sabuntuwa kowane lokaci, layin zai goge nan take. A kan `allo` ake yi, wani baƙin shafi da ke zaune daram, sannan a ɗora shi bisa hoton. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya matsar da ɗorawar zuwa sama, kafin a tace launi. In ya yi zane da shuɗi, sai manhaja ta ɗauki layin da ta ja a matsayin murfi, ta maƙale a kansa.

Launuka a OpenCV a juye suke: shuɗi, kore, sannan ja. Shi ya sa 0, 0, 255 yake ba da ja. Magogi kuwa ba wani abu ba ne illa baƙin layi mai kauri, tunda allon baƙi ne.

6. Koyi ɗaga alƙalami

Kana kunnawa za ka ga farin zobe yana bin murfin, amma babu layi. Da gangan ne. Danna dogon madannin tazara, alƙalami ya sauka. Sake dannawa, ya ɗaga. A takarda hannu yana ɗagawa tsakanin harafi da harafi ba tare da ka yi tunani ba, amma kyamara ba ta san ka ɗaga ba, ita dai tana ganin murfi. Don haka hannun dama yana zane, na hagu yana kan madanni. Minti goma na farko za ka yi ta kwaɓawa, daga baya hannu ya saba.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan daɗi: ka rufe murfin da babban yatsa, ko ka juya biron. Da launin ya ɓace, `baya` zai koma babu, in ya sake bayyana a wani wuri sabon layi zai fara ba tare da an haɗa su ba. Lambar 80 ma irin wannan tsaron take yi: in zoben ya yi tsallen da ya wuce fiksel 80 tsakanin hoto da hoto, ba a ja layi. Ita ce da ta cece ni daga butar nan da na san da ita a lokacin. In kana da saurin hannu har layinka yana yankewa, ɗaga ta zuwa 120.

Sauran madannai: 1 ja, 2 kore, g magogi, w wanke allo, a ajiyewa, f fita. In ka danna ba su amsa ba, ka taɓa tagar zanen da linzami tukuna, don ita ce ke sauraro, ba baƙar tagar umarni ba. Kuma ka sani duk ajiyewa tana danne zane.png na baya, in kana son tsohon ka canza masa suna kafin ka sake danna a.

7. Magance karkarwar layi

Ko ka riƙe hannu cak, za ka ga zoben yana ɗan rawa, layin ya fito kamar rubutun mai jin sanyi. Maganinsa a gauraya wurin da yake yanzu da wurin da yake ɗazu. Ka saka wannan a saman layin `cv2.line`, da tazara iri ɗaya da shi:

```
            yanzu = (int(0.6 * baya[0] + 0.4 * yanzu[0]),
                     int(0.6 * baya[1] + 0.4 * yanzu[1]))
```

Ciniki ne: in ka ƙara 0.6 zuwa 0.8 ka rage 0.4 zuwa 0.2, layi zai yi santsi sosai amma ya riƙa jan ƙafa a bayan hannunka. Lambobin biyu dai dole su haɗu su ba da 1. Ni don rubutu ina barinsa a 0.6, don zanen da'ira da lanƙwasa nakan kai 0.7.

In kuma duk manhajar ce ke tafiyar hawainiya, yawanci hoton ne ya yi girma. Bayan layin `VideoCapture` ka ƙara `kyamara.set(3, 640)` da `kyamara.set(4, 480)`. Laftof da ke kan batir ma yakan rage ƙarfinsa, ka jona caja ka gani.

8. In kana son zane a cikin Paint

Wasu ba tagar OpenCV suke so ba, so suke murfin ya zama linzami su yi zane a Paint ko su ja layi a kan darasin da suke nunawa. Ana yi da pyautogui, wani kayan Python mai sarrafa linzami, wanda ake saukewa da pip kamar sauran. Sai ka mayar da wurin murfin zuwa ma'aunin fuskar kwamfuta: ka ninka x (`yanzu[0]`) da faɗin fuskar ka raba da faɗin hoton, haka y (`yanzu[1]`) da tsawo, ka miƙa wa `pyautogui.moveTo`. Saukar alƙalami ya zama `mouseDown`, ɗagawa `mouseUp`.

Matsala ɗaya za ta taso: da ka taɓa Paint, tagar OpenCV ta daina jin madannai. Don haka a nan dabarar rufe murfi da yatsa ce za ta yi maka aiki, bayyanarsa ta zama saukar alƙalami, ɓacewarsa ta zama ɗagawa.

Abu biyu za ka kiyaye. pyautogui yana ɗan dakatawa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan kowane umarni, wanda zai sa linzamin ya riƙa tafiya da ƙyar. Ka sa `pyautogui.PAUSE = 0` a saman fayil. Na biyu, yana da wani birki: in linzami ya kai ƙuryar fuskar kwamfuta, manhajar takan tsaya da kanta. Za ka ga masu ba da shawarar a kashe shi. Kada ka kashe. Ranar da awonka ya kauce linzami ya kama bin wani abu a bango yana danne-danne, wannan birkin ne zai ba ka damar fizgar linzamin hannu ka kai shi ƙurya ka karɓe kwamfutarka. Kafin gwajin farko ka rufe duk wani fayil mai muhimmanci, ka bar Paint kaɗai a buɗe.